Monita Kafin Komai: Lissafin Mai Haɗa Kwamfutar Gem a Kano

Duk wanda ya zauna haɗa kwamfutar gem, da katin hoto yake farawa. Daga nan ya koma kan furosesa, ya ƙara ram, ya zaɓi akwati mai gilashi da fitilu masu canza launi, sa'annan abin da ya yi saura a aljihu ya ce na monita ne. Haka nake jin lissafin a bakin matasan unguwarmu ta Dukawuya, haka kuma masu shaguna a Beirut Road da Farm Centre suke jera wa mai saye kaya a takarda. Ni ma watanni ke nan ina tara kuɗin tawa na'urar, wadda nake so ta yi mini aikin tace bidiyo da rana, da dare kuma mu buga ƙwallo da ƙannena. Da na zauna da alƙalami, sai na ga daga ƙasan takardar ya kamata lissafin ya faro. Monita ce ke faɗa wa mutum girman katin da zai saya, katin ya faɗa masa yawan wutar da zai sha, wuta kuwa a Kano ita ce mai yanke hukuncin ƙarshe.

Ɗigo nawa, sau nawa

Hoton da ke jikin monita tarin ƙananan ɗigogin haske ne da ake kira fiksil. Monitar da aka rubuta wa 1080p tana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla miliyan biyu da ɗoriya. Mai 1440p tana da 2,560 da 1,440, kusan miliyan 3.7. Mai 4K kuwa tana da 3,840 da 2,160, wato miliyan 8.3, ninki huɗu cif na ta farko. Kowane ɗigo daga cikinsu katin hoto ne, wanda 'yan kasuwa ke kira GPU, zai lissafa launinsa da haskensa kafin ya bayyana.

Lamba ta biyu ita ce wadda ake rubutawa da Hz, ma'ana sau nawa monita ke sabunta hoto a sakan ɗaya. Ta ofis sau 60 take yi, kowane hoto yana tsayawa milisakan 16.7. Mai 144 tana rage wannan jiran zuwa 6.9, mai 240 kuma zuwa 4.2. A nan akwai abin lura. Daga 60 zuwa 144 an ci ribar kusan milisakan goma, kuma ido yana gani nan take, ko da linzamin kwamfuta kawai aka motsa. Daga 144 zuwa 240 ribar ba ta kai milisakan uku ba, ga kuɗinta da tsada.

Idan aka haɗa lambobin biyu sai nauyin ya fito fili. Mai 1080p a kan 144 tana neman ɗigo kusan miliyan 300 a sakan. Mai 1440p tana neman miliyan 530. Mai 4K tana neman fiye da biliyan ɗaya. Wanda ya sayi ta ƙarshen ya ɗaura wa kansa sayen babban kati, ko ya shirya ko bai shirya ba. In ya ce zai rage wa gem ɗin ɗigo don katinsa ya numfasa, hoton kan yi dishi-dishi, musamman in an sauke 1440p zuwa 1080p, saboda lambobin biyu ba sa rabuwa daidai. Dabarun DLSS na Nvidia da FSR na AMD, waɗanda ke zana hoto ƙarami su faɗaɗa shi, suna rage wannan matsala sosai, sai dai ba sa mayar da ƙaramin kati babba.

Girman monita ma da yawan ɗigo yake tafiya. Mai inci 24 da 1080p tana da ɗigo kusan 92 a kowane inci, mai inci 27 da 1440p kusan 109. In aka shimfiɗa 1080p a kan inci 27 sai adadin ya sauko 82, haruffa su fara nuna haƙora. Mai buga gem daga nesa ba zai damu ba. Mai karanta rubutu sa'o'i shida a rana zai ji a idonsa.

Daga ɗigo zuwa batir

Masu sharhin kwamfuta a Amurka da Turai sukan tsaya a nan, domin a wurinsu wuta abu ce da ke cikin bango kullum. Mu kuwa daga nan lissafinmu yake somawa. Katin RTX 4060, wanda ya ishi 1080p, wat 115 yake ja. RTX 4070, wanda aka fi haɗawa da 1440p, wat 200. RTX 4090, sarkin 4K a zamaninsa, wat 450. In aka ƙara furosesa da monitar kanta da sauran tarkace, na'urar 1080p za ta tsaya a wajen wat 250 lokacin gem, ta 4K kuma ta haura 500 ba tare da wahala ba.

Mu kai wannan gaban inbata. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda ya cika gidaje, a takarda yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda. In irin na dalma ne, mai son ya daɗe ba ya cinye fiye da rabinsa, saura 1,200 ke nan, inbata ma ta ci nata kason. Na'urar wat 250 za ta samu kimanin awa huɗu. Mai wat 500 ba za ta wuce awa biyu ba, wannan ma in an kashe fanka da firij, abin da babu uwargidan da za ta yarda da shi. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat dubu ba zai ɗauki ta farko yana waƙa, ta biyu kuwa da ƙyar.

Ba a buƙatar tuna wa kowa yadda farashin wuta ya koma. An cire tallafin fetur a Mayun 2023. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, ninki uku da ɗoriya, kafin a ɗan sassauta daga baya. A Oktoban shekarar kuma Kano da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Wanda na'urarsa ke iya rayuwa a kan batir ɗaya da faranti biyu na sola ya ci gaba da aiki a makon nan. Mai babbar na'ura kallonta kawai ya yi.

Akwai kuma zafi. Duk wat ɗin da kwamfuta ta sha, zafi yake komawa a cikin ɗaki. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, na'ura mai wat 500 a ƙaramin ɗakin cikin gari tamkar kunna risho ce a rufe ƙofa. Katin da ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, ga ƙurar hunturu da ke toshe masa fanka. Sai mutum ya biya kuɗin gudu, ya ƙare da tafiyar hawainiya.

Abu na ƙarshe a wannan babi shi ne intanet. Da yawa daga gem-gem ɗin harbi da ake bugawa da mutanen waje, sabobinsu suna Turai ko Afirka ta Kudu ko Gabas ta Tsakiya. A layin da nake amfani da shi, tafiyar saƙo zuwa can da dawowarsa ba ta cika sauka ƙasa da milisakan ɗari ba. Wanda ke jiran ɗari a hanya, sayen monita mai 240 don ya tsira da milisakan uku bai canza masa komai ba.

Irin gilashin

Monitocin kasuwa iri huɗu ne ta fuskar ƙira. TN ita ce tsohuwar hannu, tana da sauri da araha, amma da mutum ya karkata gefe launi ya wanke. A gidan da mutum uku ke cunkushe a gaban allo ɗaya suna jiran layin EA Sports FC ko eFootball, wannan aibi ne babba. IPS tana riƙe launi ta kowace kusurwa, shi ya sa masu tace finafinai da masu zane suka fi son ta, sai dai baƙinta kan yi toka-toka a cikin duhu. VA ta fi ta zurfin baƙi kusan ninki uku, don haka tana kyau a ɗakunan cikin badala masu ƙananan tagogi, amma wasu daga cikinta kan bar inuwa a bayan abu mai gudu. OLED ta fi su duka kyau, kowane ɗigo da haskensa, ta kuma fi su tsada, kuma hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin tabo. Ga wanda zai buɗe shafin rubutu ɗaya tun safe har la'asar, wannan abin tunani ne.

Sai kuma G-Sync da Nvidia ta fitar a 2013 da FreeSync da AMD ta biyo da shi a 2015. Aikinsu shi ne sa monita ta riƙa jiran katin hoto, ta sabunta daidai lokacin da ya gama zana hoto, don kada hoton ya riƙa yagewa biyu. Mai matsakaicin kati ya fi kowa cin moriyar wannan, tunda gudun katinsa hawa da sauka yake yi. Yawancin monitocin gem na yanzu suna zuwa da FreeSync ba tare da ƙarin kuɗi ba, katunan Nvidia ma suna aiki da shi tun 2019.

Wasu kan ce ai ga filasma a falo, me za a yi da monita? Talabijin yana gyara hoto kafin ya nuna shi, gyaran kuma yana cin lokaci, shi ya sa ɗan wasa ke danna maɓalli ya ga ƙwallo ta tashi a makare. In talabijin ɗin yana da tsarin gem a cikin saitinsa, kunna shi yana rage jinkirin. Ga PlayStation a falo ya wadatar. Ga aikin tebur, inci 43 a gaban hanci wahalar wuya ce kawai.

A bakin shago

Tun da aka saki naira a Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, yawancinmu kayan hannu muke saye, waɗanda ake kira tokumbo. Babu laifi a ciki, monita tana da tsawon rai. Amma kama da wane ba ta wane. Wani mai shago ya taɓa ce mini, "Yallaɓai, wannan 165 ce, ga shi a kwali." Na ce, "Alhaji, a jona mu gani." Da aka jona, Windows bai nuna fiye da 75 ba. Kwalin na wata ce daban.

Saboda haka gani ya kori ji. A jona ta da kwamfuta, a shiga saitin allo a ga adadin Hz da ta yarda da shi. A cika fuskarta da fari, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi, a nemi ɗigon da ya mutu ko ya maƙale, a kuma duba ko haske yana tsiyaya daga gefuna. A tabbatar tana da ramin DisplayPort, domin tsohon HDMI a wasu monitocin ba ya kai cikakken gudunsu. A karanta takardar da ke bayanta ko jikin cajarta, a ga an rubuta 100 zuwa 240, kada a kawo mai bolt 110 ta haɗu da wutarmu ta 230. Rubutun "1ms" da "HDR400" da ke jikin kwali ado ne na talla, kada su ƙara ko sisi a ciniki. Kuma a ware kuɗin UPS ko abin kare na'ura daga tsallen wuta tun a lissafin farko, tunda dawowar wuta da ƙarfi ta kashe kaya fiye da ɗaukewarta.

Inda na tsaya

Ni dai na tsaya a kan IPS mai inci 24, 1080p, mai sabuntawa 144 ko sama kaɗan, da FreeSync. Daga ita sauran takardar ta cika kanta: matsakaicin kati, abin raba wuta mai wat 550, batir ɗin da nake da shi ba tare da ƙari ba. Abin da na rage daga kuɗin kati ya tafi kan ram da faranti ɗaya na sola, waɗanda aikin jaridata ya fi buƙata.

Wanda sana'arsa tace fim ce ko zanen gine-gine, kuma yana da sola mai ƙarfi, mai inci 27 da 1440p ta fi dacewa da shi, kuma za ta raka shi katin hoto biyu ko uku kafin ta tsufa. 4K kuwa sai wanda ya riga ya gama da matsalar wuta da sanyin ɗaki. Kowanne mutum ya zaɓa, tun ran gini tun ran zane: ya fara rubuta awa nawa yake samun wuta a rana da ƙarfin batirinsa a saman takarda, monita a layi na biyu, katin hoto ya biyo baya.