Kaset Goma Kacal Za A Ceta

A cikin masu kallon finafinan Hausa akwai waɗanda in fim ya ƙare sai su tashi su kaɗe riga, akwai kuma waɗanda ba sa iya barci sai sun yanke wa fim ɗin hukunci. Wani tela da ke zaune a Fagge, a Kano, yana cikin kashi na biyu. Tun yana yaron shago yake tara ɗan abin da maigidansa ke ba shi, ran Juma'a ya gangara Ƙofar Wambai ko Bata ya sayo sabon kaset. In ya gama kallo sai ya juya bayan littafin da yake rubuta awon masu kawo ɗinki, ya rubuta sunan fim, da shekara, da ra'ayinsa. Gaba awon wuya da hannu, baya kuma shari'ar 'yan fim.

Yau kaset ɗin sun cika akwatin ƙarfe biyu a ƙarƙashin gado, kuma ga matsala ta taso. Laimar damina ta shiga, fumfuna ta yi wa zaren fari fat. Bidiyon gidan ya daɗe da mutuwa. Wani mai gyara ya ce zai iya goge zaren ya juye masa a filashi, amma kowane kaset da kuɗinsa, kuma abin da ke aljihun telan bai wuce na guda goma ba. Uwargida kuwa ta ce ko a kwashe ko ta ba 'yan gwangwan. To, wanne za a ɗauka, wanne za a bari?

Mai karatu zai ce ai komai yana YouTube. Ba komai ba. A wancan zamani furodusa yakan buga kwalayen fim ɗinsa ne ya kai wa 'yan kasuwa tare da kaset na asali, su kuma su yi ta kwafa suna sawa a kwali. Ba kowa ne ya damu da adana na asalin ba, shi ya sa wani fim ɗin sai a irin wannan akwati za ka same shi. Shi kansa telan har yau yana cizon yatsa bai mallaki 'Turmin Danya' ba, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, fim ɗin da ake cewa daga kansa aka buɗe wannan kasuwa.

'Sangaya' ne ya fara shiga jerin, ba gardama. Fim ɗin kamfanin Sarauniya ne na 1999, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni. Abin mamaki, hukuncin da telan ya rubuta a lokacin ba yabo ba ne zalla. Ya ce labarin Zubaina, mai aikatau a gidan sarauta, da yariman da ya raina ta kafin ya faɗa tarkonta, tatsuniya ce da kowace kaka ta sani, kuma da za a cire waƙar da rabin masu saye ba su saya ba. Amma ya yarda Fati Muhammad ta iya kallon ƙasa irin na wadda aka wulaƙanta, kuma daga ranar ya san Ali Nuhu ya zo ke nan. Gaskiyarsa. Shekarar nan ko gidan biki ka je waƙar ce, ko shagon aski ka shiga ita ce.

'Wasila' na 2000, wanda Yakubu Lere ya shirya, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, shi ya fi cin shafi a littafin. A nan telan ya zauna sosai. Ya ce shi ne fim na farko da ya sa shagonsu ya rabu biyu, wasu na cewa Jamilu ya cika sanyi, wasu na cewa ai so ne, wanda bai ɗanɗana ba ya yi shiru. Abin da ya burge shi, an ɗauko cin amanar aure, maganar da ake yi da raɗa a zaure, an ajiye ta a tsakar ɗaki kowa na gani. Abin da ya ba shi haushi kuma, ja da aka yi ta yi wa labarin zuwa kashi-kashi. A gefen shafin ya rubuta da jan biro: "An mai da mu saniyar tatsa." Duk da haka kashi na ɗaya ya samu shiga.

'Khusufi' bai samu ba. Ya taɓa jera shi da 'Taal' na Indiya, na 1999, ya kalle su dare ɗaya, ya ce in dai wankiya za a yi, to a wanke da kyau. 'Mujadala' ma ya sha irin wannan bulala, sai dai shi an yi masa afuwa saboda marigayi Ahmed S. Nuhu, wanda ya rasu a haɗarin mota ran 1 ga Janairu, 2007. A ƙarƙashin tsohon hukuncin telan ya ƙara layi ɗaya: Allah ya jiƙansa.

Finafinan Ibro kuwa bai taɓa ba su maki ba. Ya ce ba a auna Rabilu Musa da tef ɗin awo. Labari ya karye, hoto ya yi duhu, sauti ya shaƙe, amma da ya leƙo sai ciki ya ƙulle. Tun rasuwarsa a Disambar 2014 telan bai ƙara yarda ya ba da aron kaset ɗinsa ko ɗaya ba. Guda uku ya ware masa.

Wanda ya fi ba shi tausayi ba na saye ba ne. Wani kaset ne marar kwali da yayansa ya naɗo daga talbijin, 'Samanja Mazan Fama' na NTA Kaduna. Usman Baba Pategi, tsohon soja ne na gaske, ya rasu a 2023. Ga Hausar bariki, ga tsawa, ga gashin baki, a tsakiyar wasan kuma wuta ta ɗauke, sai ka ga an tsallaka an faɗa cikin labaran dare. Telan ya ce ko wannan tsallaken ba ya so a yanke.

Rigimar tana kan gurbi na goma. 'Yarsa, wadda ta taso da 'Daɗin Kowa' a Arewa24, take bin 'Labarina' a waya tun 2020, ta ce, "Baba, don Allah a sa 'Daskin Da Riɗi', shi kaɗai nake iya kallo ban yi dariyar kayan jikinsu ba." Shi kuma ransa na kan 'In Da So Da Ƙauna' na Ado Ahmad Gidan Dabino, don littafin ya fara karantawa kafin ya ga fim ɗin. Mai gyara ya duba duka biyun a hasken taga, ya ce na Gidan Dabino ne fumfunar ta fi ci, in aka kai wata daminar ba lallai ya tashi ba. Yarinyar ta yi shiru, sannan ta ce a sa shi, nata ta ji ta gani, za ta tara kuɗin da kanta.