Facin da ya yi ta kiran kansa

Tun da aka kafa jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011, lokacin rajistar ɗalibai ya zama kakar masu shagon intanet. Ni ke kula da sabar wani shago irin wannan, Linux ke kanta. Ana tsakiyar rajista na gano wata matsala a kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya na'urar duka. Hanya mai sauƙi ita ce in jira dare, in gyara, in kashe in kunna. Amma na san tun 2015, a Linux 4.0, ana iya yi wa kanel faci yana cikin aiki, kuma raina yana so in nuna na iya.

Dabarar ta dogara ne da wani sashe na kanel da ake kira ftrace. A bakin kusan kowane fankishan na kanel, wato guntun manhaja da ake kira ya yi wani aiki, akwai ɗan gurbi da aka bari. Idan an ɗora faci, duk kiran da ya iso bakin tsohon fankishan sai a karkatar da shi zuwa sabo. Ni kuwa don ganda, ban kwafo tsohon gaba ɗaya na gyara ba. Na rubuta 'yan layuka da ke duba abin da aka shigo da shi, sannan su miƙa wa tsohon ya ƙarasa. To tsohon ai ta bakin nan ake shigarsa. Sabo ya kira tsoho, ftrace ya maido kiran wurin sabo, sabo ya sake kira, babu ranar tsayawa. Kowane kira yana cin wuri a sitak, wato ma'ajiyar da ake tara bayanan kira a ciki, kuma sitak ɗin kanel a irin kwamfutocinmu kilobait 16 ne kacal. Kafin ƙiftawar ido ya cika, na'ura ta sandare.

Wata yarinya da ta taho tun daga Kurfi ta kusa gama cike fom ɗinta, komai ya tafi. Mai shago bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malam, da ka bari sai dare." Wallahi da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ruɗe ni shi ne na karanta cewa ftrace na da kariya daga kiran kai, wadda Steven Rostedt ya gyara tsarinta a 2020. Gaskiya ne, amma tana tsare ɗan aikin karkatarwar ne kawai. Da zarar an miƙa kira ga fankishan ɗina, an saki kariyar, saura kuma wuyana. Laifin nawa ne, na karanta rabi na ɗauka na gama.

Ƙannena masu koyon wannan aiki, idan za ku yi faci, ku kwafo fankishan ɗin duka ku gyara a ciki, kada sabo ya kira tsoho. Kuma ku fara ɗora shi a kan na'urar gwaji, wadda ba rajistar kowa a kanta.