Dara da Waya a Kan Tabarma Ɗaya

Mu da muka tashi a Sabon Ibadan, unguwar da kakanninmu fataken goro da shanu suka zauna tun 1916, mun riski lokacin da in an sallame La'asar dattawa kan tona gurbi 30 a ƙasa, layi 5, kowane layi gida 6. Wannan ya riƙe tsinke 12, wancan tsakuwa 12. Duk wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Maƙwabtanmu Yarabawa suna can suna ayo, mu muna dara. A bakin darar nan muka koyi ba'a da habaici da karin magana.

Yau siminti ya rufe ƙasar, yara kuma sun duƙufa a waya. Ludo a waya, ƙwallo a waya, daga nan sai shagon caca. Ranar da hankalinmu ya tashi, mun tambayi ɗaliban Islamiyyarmu ma'anar "dara ta ci gida". Wallahi duk ajin ba wanda ya taɓa ganin dara. Wani ma da Yarabanci ya tambayi na kusa da shi abin da Malam ke faɗa.

Mun yi wa'azi, mun ƙwace wayoyi, ba ta canja zane ba. Sai muka zauna da wasu samari masu gyaran waya, muka ce to, tunda an kasa raba yaro da waya, bari a zaunar da ita a kan tabarma a ba ta aiki.

Gwajin farko watsewa ya yi. Kafinta ya yi mana allon dara, muka tara murafen kwalbar lemo kala biyu, muka bar kowa ya rubuta cinsa a wayarsa. Kafin ka ce kwabo an bar allo shi kaɗai, kowa ya sunkuya.

Sai muka mayar da wayar guda ɗaya, a hannun alƙalin wasa, aikinta biyu kacal. Na farko agogo: minti 1 kake da shi ka motsa ɗanka. Na biyu murya. Mun bi tsofaffin unguwa, maza da mata, aka ɗauki muryarsu suna faɗin rabin karin magana, ko kacici-kacici, ko tambaya kan farillan alwala. In ka jera uku, ba ka ci sai alƙali ya danna murya ka amsa da Hausa. Ka kasa, cin ya wuce ka.

Nan ma sai da aka yi gyara. Yaran da suka zo daga Arewa kwanan nan su ke ta lashewa, 'yan gida suka fara zamewa. Muka mayar da shi bibbiyu: haifaffen Sabo da baƙo a ɓangare ɗaya, wannan ya ja dara, wancan ya raɗa masa amsa, shi ya faɗa da bakinsa. Muryoyin kuma muka adana su a cikin wayar don kada a nemi data. In caji ya ƙare, alƙali ya yi tambaya da ka, wasa ya ci gaba.

Wani dattijo ya ja kunnenmu kan hukunci, kuma ya kyauta. Shi ya sa ba mu sa ƙwayar da ake jefawa a ludo ba, saboda hadisin da Muslim ya ruwaito kan wasan nardi. Ba a sa ko sisi, ba rantsuwa, ladan na kira a kife allo.

Ɗaya daga cikin iyayenmu mata da suka ba da murya ta rasu kafin azumi, Allah ya jiƙanta. Makon jiya aka danna, sai ga muryarta: "Haƙuri..." Jikanta ne a kan allo. Ya yi shiru, sannan ya ƙarasa: "maganin zaman duniya."

Iyayenmu da suka rage, muna roƙo ku ba mu muryarku tun ana tare. Muna zama duk Alhamis bayan La'asar a harabar makaranta. Allah ya shirya mana zuri'a.