Kujerar Hedimasta Ko Bencin Ɗalibi?

Ya ku 'yan'uwana malaman makaranta, ga wani al'amari da ya hana ni barci wajen mako biyu.

Shekarata goma sha biyu ke nan ina koyad da Lissafi tun da na fito kwalejin horon malamai. Ran nan sai aka kira ni ofis, aka ce an zaɓe ni in zama hedimasta, da ƙarin albashi, amma bisa sharaɗin ba zan motsa ba sai na shekara biyar. Ga shi kuwa a aljihuna akwai takardar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun ba ni gurbin karatun digiri. Watau in na tafi, albashina na dā zan riƙa ɗauka, ga kuɗin makaranta, ga na mota, ga tukunya biyu.

Kada wani ya ce kwaɗayi ne ya sa na yi jinkiri. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, albashin malami ba ya ganin ashirin ga wata. Ina da 'ya'ya huɗu, da tsohuwa mai shan magani kullum, mai kanti kuwa ya san sunana fiye da yadda nake so. Da na kai wa kawuna maganar, sai ya ce, "Kai yaro, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Lalle bai yi ƙarya ba.

Amma fa sai na ɗauki alli na yi lissafi, tun da shi ne sana'ata. Dokar 2022 ta yarda malami ya yi aiki har ya cika shekara 65, ko ya shekara 40 a bakin aiki. Ashe sauran tafiyata ta fi wadda na yi tsawo nesa ba kusa ba, takardar N.C.E. kuwa tana da matakin da ba ta wucewa. Hedimasta za a sake nema, domin kowace shekara wani na yin ritaya. Amma ƙwaƙwalwar ɗan shekara talatin da biyar ba za ta zauna jirana ba.

Sa'an nan na tuna Malam Abubakar Imam. Yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya bar aji ya tafi Zariya aikin talifi, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ban kai ƙurarsa ba, amma shi ma ƙofa ya gani a buɗe ya shiga.

Wadda ta yanke maganar uwargida ce. Ta ce, "Malam, in ka karɓi kujerar nan don mu, kullum ka dube mu bashi za ka gani. A sayad da ragunan nan biyu."

Ran Litinin na koma ofis, na yi godiya, na ce a ba wani. Hannuna na rawa sa'ad da nake sa hannu, domin kuɗin hayar gida na nan tafe watan gobe.