Sarautar zagaye ɗaya

A gidajen Amurka akwai wata al'ada ta daren Juma'a ko Asabar: abokai shida ko bakwai su kewaye tebur, kowa da ƴan canjinsa, su yi wasan kartar da ake kira poka. Caca ce, babu amfanin sake mata suna. Sai dai tana da wani tsari da ya cancanci a tsaya a dube shi. A gidan caca doka ɗaya ce, mai rabon karta kuma ma'aikaci ne. A gida kuwa kartar hannu-hannu take bi, kuma duk wanda rabawa ta zo kansa shi ke faɗin irin wasan da za a yi a wannan zagayen.

Nan ne halin mutum yake fitowa. Mai taka-tsantsan ya zaɓi tsohon wasan karta biyar. Mai son rigima ya kira wanda aka raɗa wa sunan ƙwallon besbol, inda uku da tara suke zama hawainiya, su rikiɗa su koma duk kartar da mai su yake buƙata, huɗu kuma in ta fito a buɗe ta jawo ƙarin karta. Wani ya ce a bi sarauniya: kartar da ta biyo bayanta a buɗe ita ce hawainiya, har sai wata sarauniyar ta fito ta tuɓe ta. Nan take mai murmushi ya ɗaure fuska. Duniya rawar ƴan mata. Gwanaye sukan raina irin waɗannan wasanni, wai sun ɓata lissafi. Gaskiyarsu, amma ai don ɓata lissafin aka ƙirƙiro su, kada mutum ɗaya ya riƙa kwashe kuɗin abokansa kowane mako har zumunci ya mutu. Shi ma mai kafa dokar a ƙarƙashinta zai yi wasa, kuma ya san bayan minti biyar dokar maƙwabcinsa na hagu za ta hau kansa.

Harry Truman, wanda ya mulki Amurka daga 1945 zuwa 1953, ɗan wannan teburi ne, mai son kartar hawainiya. A jirgin ruwan shugaban ƙasa, in ji mashawarcinsa Clark Clifford, akan cire ushirin kuɗin kowane zagaye a tara wuri ɗaya, domin a tallafi wanda ya tsiyace ya ci gaba da zama.

A watan Maris na 1946 Truman ya raka Winston Churchill a jirgin ƙasa zuwa Fulton ta jihar Mizuri, inda baƙon zai yi jawabinsa na labulen ƙarfe. Churchill ya yi alfaharin ya iya poka, Truman kuwa ya gargaɗi mutanensa cewa mutuncin Amurka na kan tebur. Ba a daɗe ba ta bayyana tsohon firaministan Ingila bai kai bakinsa ba, kuɗinsa sai zurarewa suke. Da ya ɗan fita, shugaban ya sauya umarni: a sassauta wa baƙo. Aka sassauta, amma ba a bar shi ya ci ba, kada ya koma Landan yana ba da labari. Ya tashi da asarar kimanin dala 250.