Kocin da muka kora a lokacin albasa

Ina cikin waɗanda suka kori kocin ƙungiyar unguwarmu a Wurno, kuma muryata ce ta fi ta kowa tashi a ranar. Malamin firamare ne, ko sisi ba mu taɓa ba shi ba. Laifinsa dai mun yi ta shan kashi: 'yan Rabah suka zo har gida suka ci mu, muka je Goronyo aka yi mana ruwan ƙwallaye, har yara suka fara yi mana waƙa a hanya.

Hujjar da na kawo gaban kwamiti daga gidan kallon ƙwallo na ɗauko ta. Ni ɗan Chelsea ne, a can kuwa kora magani ce. A watan Maris na 2012 aka sallami Villas-Boas, a watan Mayu Di Matteo ya ɗaga kofin zakarun Turai. A Janairun 2021 aka sallami Lampard, Tuchel ya maimaita abin cikin wata huɗu. Wani dattijo a cikinmu ya tuna mini cewa Ferguson ya kama Manchester United a 1986 amma bai ci kofi ba sai 1990. Na ce, "Baba, wancan zamanin ya wuce." Aka yi dariya, aka bi ra'ayina.

Muka kawo wani matashi da ya taɓa buga ƙwallo a birnin Sakkwato. Ya san aikinsa, ba ƙarya. Sai dai ya zo fili da usur a wuya ya tarar ba wanda zai hura wa. A nan ne na fara ganin abin da yake gaban idona tuntuni. Lokacin noman rani ne. Duk wanda ya san fadamar Rima ya san idan aka saki ruwa daga madatsar Goronyo, ba saurayin da yake da lokacin kansa: dashen albasa, ban ruwan tafarnuwa, korar tsuntsu a shinkafa, daga asuba har faɗuwar rana. Mai tsaron ragarmu ya tafi cirani kudu. Ga matsalar 'yan bindiga da ta sa iyaye ba sa yarda yaro ya hau hanya bayan la'asar, don haka duk wasan waje da rabin ƙungiya muke zuwa.

To da wa Malam yake buga wasa duk wancan lokacin? Ashe gida-gida yake bi da dare yana roƙon iyaye su ara masa yaro na awa biyu. Shi ke kai ƙwallo wurin baduku idan ta fashe. Kuɗin mota, idan karo-karonmu bai kai ba, daga albashinsa yake cikawa bai faɗa wa kowa ba. Mun ɗauka rashin nasarar aikinsa ce, alhali aikinsa shi ne ya sa ake samun mutum goma sha ɗaya da za a ci.

Abin kunyar, ba wannan ne karo na farko ba. Na yi tafi da aka kori kocin Najeriya Gernot Rohr a Disambar 2021, ana saura makonni a fara gasar Afirka a Kamaru. Eguavoen da ya gaje shi ya ci wasa uku na rukuni muka ce ga shi nan, sai Tunisiya ta fitar da mu a Garwa, a watan Maris kuma Ghana ta hana mu zuwa Katar a filin Abuja. Ban ce kora ba ta taɓa yin amfani ba. Kwaddebuwa ta kori Gasset ana tsakiyar gasa a 2024, Emerse Faé ya karɓa ya doke mu da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe a Abijan. Amma can 'yan wasa suna nan a sansani, an biya su, abin da ya lalace yana hannun koci. Ko abin da ya lalace yana hannun koci, tambayar da ban yi ba ke nan a Wurno. Ko Kano Pillars, mai kofin firimiya huɗu, da ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022, har da makin da aka cire mata saboda hargitsin 'yan kallo a wasanta da Katsina United. Wane koci ne zai horar da 'yan kallo?

Bayan an cire albasa na je makarantarsu na same shi a gindin darbejiya yana duba littattafan yara. Na ce, "Malam, mun yi maka ba daidai ba, ni ne kuma na ja gaba. Ka yafe mini, ka dawo." Ya ce ya yafe, amma ya riga ya yi wa 'yan firamarensa alkawarin yammacinsa. Sannan ya tambaye ni, "Yara nawa sunka zo fili jiya?" Na ce biyar. Ya ɗauki biro ya rubuta mini sunayen iyayen da suka fi sauƙin roƙo, da waɗanda sai an bi ta hannun liman.