Wa ya ba su Ƙonni?

A damanar 2023, da aka rufe iyaka, gwaggona ta kwanta ciwo a Illela ta Najeriya. Tafiyar da kabu-kabu ke yi cikin ƴan mintoci ta gagare mu. Kakata ta zauna bakin zaure tana ta faɗa: «Kai miji, mi ya raba ni da ɗiyata? Wa ya ba su ƙasar ga?» Na yi shiru, ni da nake taƙamar zuwa lakwal.

Daga baya na bi sawun tambayarta. Ashe a watan Yuni 1898, a birnin Pari, Faransa da Ingila suka kafa tsinin kwamfa a kan Sakkwato, suka zana da'ira mai nisan mil 100. Ƙonni ta faɗa cikin rabon Ingila. Ba a tambayi Sarkin Ƙonni ba, ba a tambayi Sarkin Musulmi ba. A watan Mayu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa garin duk da haka, ta kashe jama'a, ta bar kango. A 1900 Faransa ta kafa yankin mulkin soja mai hedikwata a Damagaram. Da ta ga ba ta da hanya mai rijiyoyi zuwa can, sai aka sake ciniki a 1904 da 1906, aka matsar da layin kudu. Ƙonni ta kwana ta Ingila, ta tashi ta Faransa.

Ba mu kaɗai ba ne. A shekarar nan ta 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran Hawai, bayan an tuɓe sarauniyarsu Liliuokalani a 1893, kuma a 1900 aka mai da su yanki. Su teku ya kewaye su, mu ko gulbi babu tsakaninmu da ƴan uwanmu, sai alƙalami.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ƴan uwa, shi ne yadda muka karɓi layin nan kamar gado. Har gori muke yi wa juna, wannan ɗan Faranshi, wancan ɗan Ingilishi.

Gwaggo ta warke, alhamdu lillahi. Da na zayyana wa kaka labarin duka, sai ta ce: «To, su da sun ka zana shi sun tahi. Ku mi kuke jira?»

Har yau ban ba ta amsa ba.